Ko Lasisina Ko Nu'uman

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar labarina. Na yi shiru kwana biyu, ku yafe ni. Baiwar Allahn da ta rubuto tana tambaya ko lafiya, jikina dai ƙalau yake. Sauran ki karanta ki yanke hukunci da kanki.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Raliya, shekaruna ashirin da uku. A Madina aka yanke mini cibiya, a nan na yi rarrafe, na koyi Larabci a makaranta, Hausa kuma a kicin ɗin Mama. Amma fasfona kore ne shar. Abbana, Malam Abdurra'uf, mutumin Funtuwa ne. Karatu ya kawo shi yana saurayi, da ya gama aka riƙe shi yana koyar da nahawu a jami'a, yau shekara talatin ke nan. Iƙamata, wato katin da ya ba ni izinin zama a ƙasar nan, a jikin tasa take rataye. Ranar da aikinsa ya ƙare, ranar zamanmu ya ƙare. Kuma ƙarshen wannan zangon karatun zai ajiye aiki.

Shi ya sa shekara uku da suka wuce na shiga wani shiri da ake kira muzdawaj, wato karatu da koyon aiki a haɗe. Kwana uku ina aji a ma'ahad, wato makarantar koyon sana'a, kwana uku ina wani shagon tabarau a unguwar Ƙurban ina koyon auna ido da yankan gilashi. In ka cika awa dubu ɗaya da ɗari shida, mai kula da kai ya sa hannu, ka ci jarrabawa, sai a ba ka lasisi. Da lasisi a hannuna, wurin aiki zai iya yi mini iƙama ta kaina, in ci gaba da zama a garin da ban san wani ba sai shi. Awannina sun cika tun watan jiya. Suna nan cikin wani daftari mai shuɗin bango, kowane mako da sa hannu a ƙasansa, kuma duk na mutum ɗaya ne.

Hmm. Nu'uman.

Shi ne mai kula da ni a shagon. Ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Kano ya taho aikin hajji a ƙafa, ya zauna bai koma ba. Shekara guda cur muna aiki tare ban san yana jin Hausa ba. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ce ta tona shi. Umra ta zo, tabaranta ya karye a Harami. Na zaunar da ita, na kunna allon gwaji na ce, "Iya, me kike gani?"

Ta ce, "'Yar nan, ni ko da idona garau ba boko na yi ba. Ina dai ganin wani abu kamar matsefi."

Sai na ji dariya ta ƙwace wa wani a bayana. Na juya, Ustaz Nu'uman ne ya toshe baki da hannu. Ya ce da wata irin tsohuwar Hausa ta kakanni, "Gaskiyarta. Ki tambaye ta haƙoran matsefin ina suka dosa, gabas ko yamma."

Tun daga ranar zuciyata ta daina jin maganata. Wata biyu da suka wuce ya zo da baffansa wajen Abba, aka yi magana ta mutunci, aka tsayar cewa sai na gama jarrabawa sannan a fara cuku-cukun takardun aure. Da bakina na roƙi haka, kowa kuma ya ce to.

Ranar Lahadin waccan muna aji, ina sanye da baƙar abayata mai ɗinkin zare ruwan toka a hannu, wadda Mama ke cewa tana mai da ni kamar shugabar makaranta, sai wayoyi suka hau ƙara lokaci guda. Ƙawata Sundus ta zungure ni da gwiwar hannu. Bahaushiya ce 'yar ƙasa, tana jin Hausa tsaf amma da Larabci take ba da amsa, sai in ta rikice take haɗa su.

"Raliya, shufi waya! La'iha jadida, wallahi sun canza komai!"

Hukumar da ke ba da lasisi ce ta sabunta ƙa'idojinta, shafi talatin da ɗaya. Na bi su da gudu ina tsallake. An soke daftarin takarda, dole mai kula ya shiga shafin hukuma ya tabbatar da awannin ɗalibinsa kafin ƙarfe biyun ranar Alhamis. Shirin muzdawaj kuma an rufe shi daga kanmu, ba za a ƙara ɗaukar kowa ba, wanda ya rasa wannan damar sai dai ya nemi jami'a ya faro daga ajin farko. Na sauke ajiyar zuciya. Me ya dame ni? Mai sa mini hannu ai nawa ne. Har dariya na yi wa Sundus da ke ta kiran nata mai kulan bai ɗauka.

Ashe ni ce abin dariyar.

Litinin bayan azahar shagon babu kowa, sai ƙarar injin yankan gilashi a ɗakin baya da warin nan nasa kamar an ƙona roba. Nu'uman ya ja kujera gaban kwamfuta, ni ina tsaye a bayan kanta riƙe da daftarina. Ya buga lambar iƙamata ba tare da ya duba takarda ba. Na sunkuyar da kai ina murmushi, a raina na ce, oh, har haddace ta ka yi?

Ya latsa. Wani jan rubutu ya fito.

Ya sake latsawa. Jan rubutun ya dawo: ba za a karɓi tabbacin ba, a duba sashe na tara.

"Wane ne kuma sashe na tara?" na ce ina buɗe wayata. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda na tsallake. Na karanta a fili. Ba a karɓar sa hannun mai kula idan tsakaninsa da ɗalibi akwai jini, ko aure, ko takardar neman aure da ke gaban hukuma.

"To ai mu babu ko ɗaya. Magana ce kawai aka yi a falo. Ko kwamfuta ta fara jin abin da ake faɗa a falon Abba?"

Bai yi dariya ba. Ya cire tabaransa ya hau goge shi da gefen riga, shi da kullum yake yi wa mutane faɗa a kan haka.

"Ustaz?"

"Raliya, na shigar da takardar."

"Wace takarda?"

"Ta neman izinin aure. Sati shida ke nan."

Wallahi sai da na dafa kantar. "Da wane fasfo? Fasfona yana cikin durowata."

"Hala ta ba ni hotonsa." Mama yake nufi, haka yake kiranta. Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Tsoro na ji. Takardar nan watanni take ɗauka, ya'ani na lissafa na ga Shehi, Abbanki, zai tafi da ke kafin ta fito. Na ce in ta fito sai in kawo miki ita a matsayin albishir."

"Ga albishir ɗin ya fito," na ce ina nuna masa jan rubutun. Na ɗauki jakata na fita, ko sallama ban yi ba. Yana kirana ban juya ba.

Gidanmu a Ƙiblatain yake, hawa na uku. Ta tagar kicin kana hango fararen hasumiyoyin masallacin da motocin baƙi masu ziyara jere a bakin titi. Na tarar da Mama zaune a kan 'yar kujerarta, ɗaure da zanen atamfa, tana murza busasshen zogalen da wata alhajiya ta kawo mata tsaraba, za ta yi dambu.

"Mama, ke kika ba shi hoton fasfona?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni na ba shi. Wanke hannu ki yanka mini albasa."

Na zayyana mata duk abin da ya faru. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta karkaɗe hannunta.

"Ummi," ta ce. A gida ba a kiran sunana, sunan mahaifiyar Abba gare ni. "Yanzu a kan wannan kika shigo mini kamar an yi gobara? Kati ne fa. Allah ya kawo miki miji mai sonki, ɗan ƙasa, mai sana'a, ki zauna kusa da Manzon Allah har ƙarshen rayuwarki. Wasu gonarsu suke sayarwa don su yi kwana takwas a garin nan."

"Shekara uku, Mama. Shekara uku ina tashi tun asuba."

"Ni na san Funtuwa, ke ba ki san ta ba. Kwana ashirin kika yi can, kullum kuka, 'yan uwanki na ce miki Balarabiya, ko hanyar kasuwa ba ki gane ba. In na tafi da ke, wa za ki zama a can?"

"In na zauna a ƙarƙashin sunansa fa, wa na zama a nan? Daga jikin katin Abba in koma jikin katinsa. In ya sake ni fa? In ya mutu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma kun san baki in ya ɗauko gudu. Na ce, "Ke ma ai takardar ungozoma gare ki daga Zariya. Tana ƙasan akwati cikin leda tun kafin a haife ni. Ba na son tawa ta je ta kwanta kusa da ita."

Hannun Mama ya tsaya cak a cikin zogalen. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta ɗora tukunya ta juya mini baya. Na yanka albasar ina hawaye, ba wanda ya tambayi na mene ne.

Kafin magariba saƙonninsa sun kai goma.

"Samihini, ki yafe mini."

"Raliya ki ɗauka don Allah."

"Ban san za su canza doka ba, wa ya sani?"

"Kin ci abinci?"

Wannan na ƙarshen ne ya sa na kifa wayar a kan katifa na danne ta da filo. Mutum ya rusa miki shekara uku kuma yana tambayar ko kin ci abinci, ke kuma zuciyarki ta narke. Ku gaya mini, wannan wace irin cuta ce?

Talata Sundus ta ɗauke ni a motarta muka je ofishin hukumar. Sashen mata cike yake da ɗalibai irina, kowa da daftarinta a ƙirji. Na ciri lamba, sittin da huɗu. Awa biyu muna zaune cikin sanyin na'ura har yatsuna suka ƙage, sannan aka kira ni wajen wata mata mai suna Ustaza Khalida, dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Gilashin ya yi mata rauni, na lura da yadda take ture takarda nesa kafin ta karanta, amma ba ranar gyaran ido ba ce.

Ta saurare ni, ta buɗe daftarina shafi bayan shafi.

"Aikinki tsaf yake, ya binti," ta ce. "Kin san abin da ya sa aka kawo sashen nan? Akwai masu sa wa matansu da 'ya'yansu hannu alhali ko ƙofar shago ba su taɓa takawa ba. Su fito da lasisi su lalata wa mutane ido."

"Ni na taka, Ustaza. Ga shi nan, kowane mako."

"Na yarda da ke. Na'urar ce ba ta san takawa ba."

"Wani mai lasisin ba zai iya sa mini hannu ba?"

"Sai wanda aka yi wa rajista da sunanki tun farko." Ta rufe daftarin ta turo mini. "Hanya ɗaya ce. Ya janye takardar auren. In ya janye shafin zai buɗe. Amma ki sani, kafin ya tabbatar sai ya latsa rantsuwa cewa babu aure tsakaninku, babu alkawarinsa. Sannan ki kula da iƙamarki. Ranar jarrabawa dole ta kasance tana aiki, in ba haka ba ko ƙofar zauren ba za ki shiga ba."

A mota na yi lissafin da yatsuna. Jarrabawa saura kwana tamanin. Zangon Abba ya zo ƙarshe, kowace rana a makon gobe za a iya buga mana bizar fita, ita kuma kwana sittin take bayarwa. Ko ta ina na juya lissafin, kwanakin ba sa kaiwa. In ya janye, na rasa auren kuma ba lallai in ga jarrabawar ba. In bai janye ba, na zama amarya, shekara ukuna sun bi ruwa.

Sundus ta kalle ni a bakin danja. "Tayyib, yanzu yaya?"

"Ki kai ni gida," na ce.

Laraba bayan la'asar Abba ya sa aka kira Nu'uman. Ya zo da farar doguwar riga mai guga kamar takarda, da jan shimagi, rawanin Larabawa, a kafaɗa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya sumbaci kan Abba. Na kawo gahawa da dabino na ajiye, na koma bakin ƙofa kusa da Mama. Falon Abba bango uku littattafai ne har sama, mutum in ya zauna a ciki sai ya ji kamar a gaban alƙali yake.

Abba bai yi masa faɗa mai yawa ba. Ya ce, "An yi magana a ɗakin nan, ka tsallake ta. Na san tsoro ne ya sa ka, amma ka tsallake ta." Nu'uman ya sunkuyar da kai ya ce, "Haƙƙun, ya Shehi."

Mama ce ta kasa haƙuri. "Malam, abin nan fa mai sauƙi ne. Ya janye a takarda, ya sa mata hannu, maganarmu tana nan yadda take a tsakaninmu. Wa zai sani?"

Abba ya ajiye finjalinsa a hankali. "Wanda za a rantse da sunansa zai sani. Shekara talatin ina tsaye gaban 'ya'yan mutane, ba zan rufe da koya wa 'yata yadda ake yi wa rantsuwa wayo ba. In an janye, an janye. Babu alkawari, babu waya, babu saƙo. Bayan jarrabawa in yana so ya dawo ya yi sallama kamar baƙo, ita ma in ta ga dama ta ce a'a."

"Ya Shehi," Nu'uman ya ce, "in na janye, layi ya koma farko. In kuma ta fita ƙasar, an faɗa mini sharaɗin daban ne, sai na cika shekara talatin. Saura shekara biyu." Ya juyo wajena, karo na farko tun shigowarsa. "Raliya, ki bar lasisin. Me za ki rasa a gidana? Wallahi ba za ki nemi komai ki rasa ba."

"Kai fa ka koya mini aikin nan," na ce. "Kai ka ce hannuna ya fi naka a wajen yankan gilashin yara. Wasa kake yi?"



Sai Abba ya ce, "Uwata, ke me kike so?"

'Yan uwa, tun da aka fara wannan rikicin ba wanda ya yi mini tambayar nan. Kowa ya san abin da ya dace da ni, har kwamfuta.

"Duka biyun nake so, Abba."

"Ba a ba ki duka ba."

Ya hau jan carbinsa. Na san abin da ke ransa. Mahaifiyarsa, wadda na ci sunanta, ta haura tamanin, kullum suka yi waya sai ta tambaye shi saura kwana nawa. Ya riga ya sa an yi wa ɗakinsa na Funtuwa fenti. Kuma duk wanda ya san Abba ya san bai iya roƙo ba, ko gishiri ya ƙare a gidan nan ya fi son a ci lami da a ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa.

"Gobe da safe zan rubuta wa jami'a," ya ce. "In nemi su ƙara mini zango ɗaya. In sun yarda, iƙamarki za ta kai ki jarrabawa. Amma majalisarsu sai Lahadi take zama."

"Shafin kuma gobe ƙarfe biyu yake rufewa," na ce.

"Na sani. Ba ni da abin da zan ba ki sai wannan. Ki yi istihara."

Mama ta tashi ta fita, gefen mayafinta ya ture finjali ɗaya ya faɗi a kan kafet. Ba wanda ya ɗauka.

Na yi istiharar. Kada ku tambaye ni ko na ga wani abu, ban ga komai ba. Na dai wayi gari Alhamis na ga hannuna yana ɗaukar daftarin yana sa shi a jaka. Na sa abayata mara ado, ko kwalli ban sa ba. Mama tana kicin, na ce, "Na tafi." Ta ce, "Allah ya kiyaye," ba ta juyo ba.

Ƙarfe ɗaya da kwata na isa shagon. Ya sallami wani mai gyaran firam, ya juya allon ƙofa zuwa "a rufe" amma ya bar ƙofar a buɗe, kamar yadda yake yi kullum in mu biyu ne. Wayarsa na kan kanta, ya riga ya buɗe shafin takardar auren. Na ga sunana da nasa a layi ɗaya, da Larabci, a ƙasa an rubuta cewa ta wuce mataki uku cikin biyar. Uku cikin biyar! Ban san ta yi nisa haka ba.

"Kin tabbata?" ya ce.

"Janye."

"Raliya, in jami'a ta ƙi fa?"

"Ka janye, Nu'uman." Ranar na fara kiran sunansa babu Ustaz. Shi ma ya lura.

Ya tambaye ni karo na uku, da Hausar kakansa, "Yarinya, kin yarda ki bar ni?"

Na ce, "Ban bar ka ba. Kaina nake nema." Ban san daga ina maganar ta fito ba, kuma ko a lokacin ban tabbata gaskiya ce ba.

Ya latsa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ita ma. Ya sake latsawa. Sunayenmu suka ɓace.

Ya koma kwamfuta ya gwada, jan rubutun na nan. Ɗaya da rabi, yana nan. Biyu saura ashirin, yana nan. Na zauna a kujerar gwajin ido. Wato na yi biyu babu ke nan? Shi kuwa sai latsawa yake, gumi na bin gefen fuskarsa duk da sanyin shagon. Biyu saura minti goma sha uku shafin ya buɗe.

Rantsuwar ta fito. Da zai iya latsawa kawai ya wuce, amma ya karanta ta a fili, kalma bayan kalma, cewa babu aure tsakaninsa da ɗalibar nan kuma babu alkawarinsa. A wajen "alkawari" muryarsa ta karye, ya tsaya, ya haɗiye, ya ƙarasa. Ya latsa. Rubutu ya fito kore: an tabbatar da awa dubu ɗaya da ɗari shida.

Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Mabruk, ya Anisa Raliya," ya ce, wato barka, Malama Raliya, kamar yadda yake ce wa kowace baƙuwar ɗaliba. "Allah ya ba da sa'a a jarrabawa."

Na fito rana na dukan kwalta, na tsaya a gefen wani shagon burodin tamis na yi kukan da ban taɓa yi a titi ba. Wata Ba'indiya mai wucewa ta miƙo mini ruwan gora.

Juma'a da Asabar gidanmu kamar an yi rasuwa. Wayata shiru. Sau nawa na buɗe sunansa in ga ko yana kan layi, in ga yana nan, in san shi ma ni yake kallo, in rufe. Mama ba ta yi mini magana sai ta aiki: ɗauko, ajiye, kashe wutar. Na baza littattafan jarrabawa a kan gado, shafi ɗaya na yi ta maimaitawa kwana biyu.

Lahadi tun azahar nake zarya tsakanin ɗakina da tagar kicin. La'asar ta yi, motocin masu ziyara suka fara raguwa. Can na hango tsohuwar farar motar Abba ta shawo kwana. Ya yi fakin a inda ya saba. Ya daɗe a ciki bai fito ba. Da ya fito bai nufi ƙofar gida ba, ya zagaya baya ya buɗe but.

Kwalaye ne. Sababbi, a ninke, an ɗaure su da igiya, irin waɗanda ake zuba littattafai a kai kargo. Ya ciro ɗauri ɗaya ya jingina da mota, ya ciro na biyu. Sannan ya ɗaga kai ya kalli tagarmu, muka haɗa ido.

Ban san lokacin da Mama ta zo bayana ba, sai jin hannunta na yi a kafaɗata. Kwana shida rabon da ta taɓa ni.

Ya hau benen a hankali, muna jin kwalayen na gogar bango. Ya shigo ya ajiye su a tsakiyar falo, ya zaro wata takarda daga aljihu ya ɗora a kansu. Hularsa ta karkace bai gyara ba.

"Sun riga sun ɗauki wani," ya ce. "An buga bizar yau. Kwana sittin." Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Uwata, na roƙa. Wallahi na roƙa."

Saura kwana saba'in da biyar jarrabawa. Ban ma buƙaci yatsuna ba.

Ina tsaye a wurin, wayata da ke kan hannun kujera ta hau ruri. Allon ya haska, sunan ya fito ɓaro-ɓaro yadda mu ukun muka gan shi: Nu'uman. Shi da aka ce babu waya, babu saƙo.

Mama ta matse kafaɗata. Abba ya dubi wayar, ya dube ni. Bai ce ɗauka ba, bai ce kar ki ɗauka ba.